Makarantar kuɗi ko ta gwamnati?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka cire ɗanka daga firamaren gwamnati ka kai shi makarantar kuɗi, tunda ya kai aji huɗu bai iya karatu ba. Damuwarka tana kan hanya, domin duk da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, lalacewar makarantun ta kai gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024.

Sai dai sunan makarantar kuɗi ba ya tabbatar da inganci. Wasu gidajen haya ne kawai aka raba da katako, kuma ƙarancin albashi yana sa malamansu tafiya a tsakiyar zango. Ka je ba zato, ka duba ko ana gyara littattafan yara da jan biro, ka sa ɗan aji uku ya karanta maka layi biyu. Sannan ka lissafa kuɗin zango uku, domin yaron da ake korowa gida saboda bashi yana asarar makonni. Idan aljihunka ba zai ɗauka ba, ka bar shi inda yake, ka ɗaukar masa malamin darasi bayan Islamiyya.