Kuɗin hayar shago: a banki za su zauna ko a sayi kirifto?

Wata Hajiya mai sayar da atamfa daga Aboabo, Kumasi, ta aiko da wannan: "Salamu alaikum. Na tara sidi dubu 30 ta susu, kuɗin hayar shago ne, nan da wata 8 mai gida zai karɓi na shekara biyu gaba ɗaya. Ɗana ya dame ni wai in cire su daga banki ya saya min Bitcoin a waya, wai a banki narkewa suke yi. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya yaron naki bai yi ƙarya ba, kuɗi na narkewa a asusun ajiya, ba wai adadin ke raguwa ba, abin da za su iya saya ne ke raguwa. A Disamba 2022 tsadar kaya a Gana ta kai kashi 54 cikin 100, dala da ta fara shekarar a kusan sidi 6 ta haura 13 a Nuwamba, kuma ke kin fi ni sanin yadda bandir ɗin atamfa ya yi tsalle a kasuwar Kejetia lokacin. Ɗan abin da banki ke ɗorawa a kan ajiya bai ko kusa cike wannan ramin ba. Banki ma na mutuwa, a 2017 an ƙwace lasisin UT Bank da Capital Bank, a 2018 aka haɗe wasu biyar suka zama Consolidated Bank Ghana. Amma ki lura, masu ajiya a bankunan nan an maida asusunsu wani banki, kuɗinsu na nan. Waɗanda suka sha wuya sosai su ne mutanen ƙananan kamfanonin bada rance, guda 347 da aka rufe a 2019, an daɗe ana zarya kafin a ga kuɗi.

To yanzu Bitcoin, wato ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet da ake kira kirifto. A Nuwamba 2021 ya kai kusan dala 69,000, shekara ɗaya bayan nan ya faɗo ƙasa da 17,000, a watan ne kuma kamfanin cinikin kirifto na FTX ya rushe da kuɗin jama'a a ciki. E, daga baya ya sake tashi har ya wuce inda yake a da, sai dai mai gidanki ba zai jira ya tashi ba, wata 8 ya ce. Kuma in yaron ya tura kuɗin adireshin da ba daidai ba, ko wayar ta ɓace tare da kalmomin sirrin buɗe asusun, babu manajan da za ki je ki zauna a ofis ɗinsa. In ya ce miki ai wata kirifto mai suna USDT zai saya tunda ita dala take bi, ki tuna masa 2025, dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa kusan 10 cikin 'yan watanni, masu riƙe da ita suka wayi gari da asara.

Ni dai shawarata kuɗin nan su zauna a banki mai ƙarfi mai lasisi. In mai gida zai yarda ya karɓi rabi tun yanzu a farashin yau, ki biya, ki karɓi rasit gaban shaidu biyu, wannan ya fi komai kare ki daga ƙarin haya. Akwai takardun lamunin gwamnati na kwana 91 da banki ke sayarwa, amma akwai kuɗin ruwa a ciki, sai ki fara tambayar malaminki. Shi kuma yaron in yana son kirifto ya gwada da kuɗin guminsa, ba da jarin uwarsa ba.

Wani ɗan uwa daga Nima kuma ya ce an sa shi a wani guruf na WhatsApp, wai ka tura kuɗi ta MoMo, wato asusun waya, su juya maka a kirifto, ribar kashi 20 duk wata.

Ɗan uwa fita daga guruf ɗin yau ɗin nan. Ba kasuwancin da ke iya yin alkawarin riba tsayayya haka, kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da shi har ranar da shiga ta tsaya. Mutanen da suka zuba kuɗi a kamfanin zinariya na Menzgold ma ana biyan su duk wata kafin a rufe shi a 2018, ka tambayi waɗanda suka shiga a ƙarshe nawa suka gani.