Dusar ƙanƙarar Buffalo: ba zurfinta ne ya fi ba ni tsoro ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a Buffalo ta jihar New York. Tun da na ga bidiyon guguwar dusar ƙanƙarar Disamba 2022 ban sake barcin kirki ba. Da gaske ba a taɓa yin irinta ba? Kuma a zaurenmu na WhatsApp an ce in gaya masa ya tanadi gawayi da kasko, ko ya shiga mota ya kunna hita in wuta ta ɗauke. Ka taimaka min. Wata uwa daga Kano.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya. Allah Ya tsare mana shi.

An taɓa yin wadda ta fi ta yawa. Tsakanin 23 da 27 ga Disamba 2022 an auna kusan santimita 130 a filin jirgin saman Buffalo. A ƙarshen Disamba 2001 kuwa, a wannan filin dai, sama da mita 2 ta zuba cikin kwana biyar. A Nuwamba 2014, da kuma Nuwamba 2022, garuruwan da ke kudu da birnin sun sha kusan mita 2. Hunturun 1976 zuwa 1977 shi ke riƙe da kambu har yau, sama da mita 5 jimilla. Garin na bakin tafkin Erie ne, kuma muddin ruwan bai daskare ba, iska mai sanyi da ta ratsa samansa za ta kwashi danshi ta juye wa wata unguwa, wata can gefe ana ganin rana.

Abin da ya ware ta 2022 daban shi ne iska. Ta wuce kilomita 110 a awa, aka yi fiye da awa 30 mutum ba ya ganin gabansa, aka rasa rayuka sama da 40. Ta Janairu 1977 ma haka ta yi: sabuwar dusar da ta zuba wajen santimita 30 ce kawai, iska ce ta kwaso tsohuwar da ta taru kan daskararren tafkin, mutum sama da 20 suka mutu. Hukumomi ma suna da nasu laifin a 2022, don ba su hana tuƙi ba sai da safiyar Juma'ar da guguwar ta fara ta yi nisa, mutane sun riga sun fita aiki.

To, mu koma kan shawarar zauren naku, don ita ce ta sa na zauna rubuta wannan amsa. Hajiya, don Allah kada ki tura masa ita. Wanda ya rubuta ta bai san abin da yake faɗa ba, kuma na gaji da jin ta daga bakin mutanen da ke ganin sun yi taimako.

Gawayi, janareto, injin mota, murhun gas, duk suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Mutanenmu sun ɗauka hayaƙi ne matsalar, wai in gawayi ya ruru ya zama jan garwashi an tsira. Garwashin nan da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da ita. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da wani abu, sai jini ya riƙa zagaya jiki ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata ba. Farko ciwon kai, sai jiri, tashin zuciya, kasala. Yaro zai ce mura ce, bari ya ɗan kwanta. Mai barci kuwa ko wannan gargaɗin ba ya samu.

Za ki ce ai muna yi a Kano lokacin hunturu. Muna yi, kuma a nan ma ana wayar gari a tarar da mutane sun mutu a ɗaki. Waɗanda ke tsira, ramukan ƙofa da taga ne ke cetonsu. Gidajen can an toshe musu kowace kafa don kada ɗumi ya fita, gubar ma ba ta da hanyar fita.

Motar ta fi muni. Dusa na toshe salansa, hayaƙin ya dawo ta ƙasan mota ya cika ciki, gilasai a rufe, hita na busa ɗumi mai daɗi. A gareji kuwa ko an buɗe ƙofa ba a tsira ba. Lokacin sanyin da aka yi a jihar Teksas ta Amurka a Fabrairu 2021 an rasa mutane ta wannan hanya, a cikin gidajensu. A guguwar 2022 ma akwai wanda ya mutu a gida saboda dusa ta toshe bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama gidan.

Ga abin da za ki gaya masa. Ya tabbatar akwai na'urar gano wannan iska a ɗakinsa, mai batir, ya danna ya ji ta yi ƙara. Ya leƙa bututun waje ya share shi duk lokacin da dusa ta taru. In wuta ta ɗauke, kaya kan kaya da bargo, a taru a ɗaki ɗaya. Janareto a waje, aƙalla mita 6 daga taga. In guguwa ta rutsa da shi a mota kada ya fita da ƙafa: ya share salansa, ya ɗan sauke gilashi, ya kunna injin minti 10 a kowace awa. In shi da abokan zamansa suka ji ciwon kai lokaci guda, su fita waje su kira 911, lambar neman agajin gaggawa a can.

Sannan ki koma zauren nan ki ce a goge saƙon. Ba ɗanki kaɗai ke ƙasar sanyi ba, kuma ba kowace uwa ce za ta tsaya tambaya kafin ta tura ba.