Amsa kan korar Sagan a 2017

Malam, ka tambaya ko adalci aka yi wa Peter Sagan da aka kore shi daga Tour de France, gasar tseren keke ta Faransa, a 2017 saboda faɗuwar Mark Cavendish a garin Vittel, ni dai wallahi a ganina an yi gaggawa, domin daga baya ita kanta UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta yarda ba da gangan ba ne, amma gasar ta riga ta wuce shi. Kwatanta da tseren keke na 2020 a Poland, inda ɗan tsere Groenewegen ya bar layinsa ƙarara ya matse abokin takararsa Jakobsen jikin shinge, yaron ya kusa rasa ransa, dakatarwar wata 9 da aka yi wa Groenewegen ta dace. Abin da ke ɓata min rai, laifi iri ɗaya yau a hukunta, gobe alƙalai su kau da kai don ba wanda ya faɗi.