FreeSurfer ya tsaya bayan ɗauke wuta, ga awon ƙwaƙwalwar bai yi daidai ba

Tambaya: Malam, ni likita ce mai neman ƙwarewa a fannin hoton jiki a nan Sakkwato. Ina bincike kan girman hifokamfas (wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ke hagu da dama) na masu farfaɗiya ta amfani da FreeSurfer, manhajar da ke auna sassan ƙwaƙwalwa daga hoton MRI. Wuta ta ɗauke ana cikin aikin recon-all, umarnin FreeSurfer da ke sarrafa hoton daga farko har ƙarshe, tun daga nan ya ƙi tashi, wai akwai wani aiki da ke gudana. Wani hoton da ya kammala kuma ya nuna hifokamfas na hagu bai kai rabin na dama ba. Kwamfutar ce ta lalace?

Amsa: Likita, kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Duk lokacin da recon-all ya fara aiki yakan ajiye wani ɗan fayil mai suna IsRunning.lh+rh a cikin foldar scripts ta mai hoton, ya goge shi idan ya gama. Wuta ta ɗauke kafin ya goge, shi ya sa yake zaton har yanzu yana kan aiki. Ki goge fayil ɗin, ki sake tayar da shi. Hoto ɗaya yakan ci awanni da yawa, don haka ki jona kwamfutar da inbata, ki fara da daddare. Zafin Afrilu a garin nan yakan haura digiri 40, kwamfuta kuwa da ta ji zafi sai ta rage gudu da kanta.

Matsala ta biyun ce ta fi damuna, domin lambar da ba daidai ba tana iya shiga kundin bincikenki ba tare da kowa ya lura ba. Kafin komai, ki duba kaurin yankan hoton. FreeSurfer, wanda aka ƙera a cibiyar Martinos da ke Boston a Amurka, hoton MRI nau'in T1 yake so mai yanka kusan milimita 1 ta kowace fuska. Hoton da ake ɗauka don duba maras lafiya na yau da kullum kuwa sau da yawa milimita 5 ne, har da tazara tsakanin yanka da yanka. Hifokamfas ɗan siriri ne kamar ƙaramin yatsa. Ki ɗauka albasa ce aka yanka gida uku masu kauri, aka ce ki faɗi faɗin kowane zobe na cikinta. Manhajar za ta ba ki lamba, amma canka kawai ta yi.

Ki buɗe Freeview, manhajar kallon hoto ta FreeSurfer, ki ɗora aseg.mgz (fayil mai nuna sassan ƙwaƙwalwa da launuka) a kan brainmask.mgz (hoton ƙwaƙwalwar da aka cire wa ƙoƙon kai), ki bi yanka-yanka da idonki. Ki lura ko launin hifokamfas ya zauna inda ya kamata ko ya malala cikin ramin ruwan da ke gefensa, ko kuma wajen cire ƙoƙon kai an haɗa da naman ƙwaƙwalwa. Idan maras lafiya ya motsa a cikin na'ura za ki ga zane-zane kamar zobba, irin wannan hoton ki ajiye shi gefe. Wani lokaci kuma gaskiya ce manhajar ta faɗa, domin ƙanƙancewar hifokamfas na gefe ɗaya sananniyar alama ce a wani nau'in farfaɗiya. Idon likita ne zai raba gardama.

In hotunanki duk masu kauri ne, gwada SynthSeg, wani umarnin awon sassan ƙwaƙwalwa, yana cikin FreeSurfer tun daga siga ta 7.3. Don irin waɗannan hotunan asibiti aka yi shi, kuma cikin mintuna yake gamawa. Sai dai kada ki cakuɗa lambobinsa da na recon-all a jadawali ɗaya, kada kuma ki sauya siga a tsakiyar bincike, awonsu yakan bambanta.

Idan za ki turo mini hoton in duba, ki fara mayar da shi tsarin fayil na NIfTI da manhajar dcm2niix, domin fayil ɗin DICOM da na'ura ke fitarwa yana ɗauke da sunan maras lafiya da ranar haihuwarsa. Ki haɗo da layuka 20 na ƙarshe na recon-all.log, fayil ɗin da recon-all ke rubuta bayanan aikinsa a ciki.