Barista, in ajiye bindiga a mota saboda masu ƙwace?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna, kusan duk sati ina hanyar Kano ɗauko kaya. Wata biyu da suka wuce aka tare maƙwabcina a ƙofar gidansa bayan isha'i yana jiran yaro ya buɗe masa get, mutum uku a kan babur suka ɗora masa bindiga a kai suka tafi da motar, har yau ko labarinta babu. Tun daga ranar wallahi ba na iya barci, ko babur na ji a bayana sai gabana ya faɗi. Wani abokina ya ce zai samo min ƙaramar bindiga tare da katin wata ƙungiyar 'yan sintiri, wai indai da katin a aljihuna babu ɗan sandan da ya isa ya taɓa ni, tunda ma gwamnoni da bakinsu sun ce kowa ya kare kansa. Na riga na ba shi rabin kuɗin. Iyalina ce ta matsa sai na tambayi lauya kafin in karɓa. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, kai kuma ya kwantar maka da hankali. Maiɗakinka ta yi maka gata, ka gode mata. Kada ka karɓi bindigar nan. Rabin kuɗin da ka bayar in ya dawo alhamdulillahi, in bai dawo ba ka ɗauka ɓera ne ya ci, don ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba a kan abin da ke jiranka in ka saka ta a mota.

Ita ƙaramar bindiga, fistol ko mai juyi, a dokar makamai ta 1959 da har yanzu ake aiki da ita, tana cikin rukunin farko ne na haramtattun makamai, jeri ɗaya da bindigar soja da gurneti. Lasisin wannan rukuni ba a hannun DPO yake ba, ba a hannun kwamishina ba, na Shugaban Ƙasa ne. Rukuni na biyu, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu ta farauta, wannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisi, shi ma a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da cewa an dakatar da bayarwa. Bindigar toka kuwa lamarinta na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Hukuncin wanda aka kama da ta rukunin farko ba lasisi, mafi ƙaranci shekara 10 ne. Mafi ƙaranci fa na ce, ba mafi yawa ba.

Toh yanzu mu zo kan katin nan, don shi ne abin da yake cina a rai, kusan ba a sati ban haɗu da wanda kati ya kai shi ya baro ba.

Katin ƙungiya ba lasisi ba ne. Ko na 'yan sintiri ne, ko na 'yan banga, ko na mafarauta, ko na wata ƙungiyar da ta saka hoton gaggafa da kalar tutar Najeriya ta buga hatimi uku, duk kwali ne da aka manna wa leda. Ƙungiya ba ta da ikon ba ka abin da ita kanta ba ta mallaka ba. Harkar makamai da harsasai tana cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, majalisar jiha ma ba ta da hurumi balle wani ciyaman da ofishinsa shago ɗaya ne da benci biyu. Kuma shi lasisi na gaskiya da sunan mutum ɗaya yake fita, a kan bindiga ɗaya mai lamba ɗaya, ana sabunta shi, ba ya bin gado kamar gona. Na sha jin "ai ta babanmu ce, da takardarta", a ciro takardar ka ga sunan mamaci ne a jiki, rabon da a sabunta ta tun zamanin soja.

Akwai wani bawan Allah da 'yan'uwansa suka kira ni kansa, direban kansa ne kamarka, mutumin kirki wanda ko kaza bai taɓa harbi ba. An tsayar da shi a shingen bincike da yamma, aka ce buɗe but, aka ɗaga kafet, sai ga ta a naɗe cikin sallaya kusa da safayar taya. Shi ko a jikinsa, har da murmushi ya zaro kati ya miƙa. Da na same shi a bayan kanta washegari ba takalmi ba hula, abin da yake ta maimaita min shi ne Barista ai ina da kati, a kira ciyaman. Muka kira ciyaman sau nawa, waya a kashe. Da aka je ofishin, makulli ne a ƙofa. Kuma abin da mutane ba sa ganewa, ɗan sandan da ya ga fistol a motarka ba tunanin "mai kare kansa" zai fara yi ba, tunanin fashi da garkuwa zai fara, ya shiga tambayarka wa ya sayar maka, su waye abokan aikinka, wace mota kuka ƙwace. Sai a kai ka gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron shari'ar, a tura ka gidan gyaran hali ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, fayil yana yawo daga tebur zuwa tebur, yau an ce mai sa hannu ya tafi taro gobe an ce ba a buga ba. Mutumin nan sai da yaransa suka canza aji yana ciki ba a ma fara shari'a ba. Motar da ya sayi bindiga dominta tana harabar caji ofis tayoyi sun sace, rana da ruwa sun gama da fentin.

Sannan ka taɓa tambayar kanka daga ina abokin naka zai samo ta? Fistol ba a sayar da ita a kanti. Ko dai ƙirar maƙera ce wadda kan iya fashewa a hannunka, ko an sato ta daga wani jami'i, ko ta riga ta yi aiki a wani wurin ana neman inda za a sauke ta. In ta taɓa kashe rai, ranar da aka kama ta a hannunka kai ne mai bayani.

Zancen gwamnoni kuma, gaskiya ne an faɗa. Aminu Masari ya faɗa a Katsina a 2021, Bello Matawalle a watan Yunin 2022 ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga har ya umarci kwamishinan 'yan sanda ya ba da lasisi. Me ya biyo baya? Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Maganar gwamna a gaban makirfo ba doka ba ce, ba za ka tsaya gaban alƙali ka kunna masa bidiyon Facebook ka ce ga izinina ba. Shi mai maganar yana tafe da jerin motocin rakiya, kai kuwa daga kai sai ƙaramin ɗanka a kujerar baya. Abin yana ba ni haushi ta kowane ɓangare wallahi, hukuma ta kasa tsare mutum a ƙofar gidansa, ta rufe hanyar lasisi, sannan 'yan damfara sun samu kasuwa suna sayar wa masu tsoro kwali.

Na san za ka ce to haƙƙin kare kai fa? Yana nan. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya, Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta jihohin Arewa, shi ma ya tanadi haka. Wasu har hadisi suke kawo min, cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada, kuma ingantacce ne ban isa in yi musu da shi ba. Amma abu biyu ne daban, kotu na iya yarda ka kare kanka ne, ta kuma ɗaure ka a kan mallakar bindigar. Shi kansa gwargwadon buƙatar nan siriri ne kamar zare. Ɓarawo ya karɓi mota ya juya ya tafi ka harbe shi ta baya, wannan sunansa kisa. Ka tuna manomin nan na Adamawa da aka kai wa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace wuƙar ya kashe maharin, har Kotun Ƙoli a Maris 2025 ta tabbatar masa da hukuncin kisa saboda a ganinta haɗarin ya kau tun da ya ƙwace makamin. Wuƙar ma ba tasa ba ce.

Mu ajiye doka ma a gefe. Gobe da safe ka shiga motarka da babbar rigarka, ka ɗaura bel, ka sa wayarka a inda kake niyyar ɓoye bindigar, ka ce wa yaronka ya ƙwanƙwasa gilashi ba tare da ya gaya maka lokaci ba, ka ga daƙiƙa nawa za ka yi kafin ka ciro ta. Su masu ƙwacen sun riga sun zaɓi wurin, sun zaɓi lokacin, yatsansu na kan kunama, su uku ne kai ɗaya, kana zaune sitiyari ya tokare ka. Maƙwabcinka ya rasa mota amma yana nan yana ba da labari. Da sun ga hannunsa ya nufi ƙarƙashin kujera fa? Kuma da yawansu in suka laluba suka ji ƙarfe a jikin mutum ɗauka suke jami'i ne, ba sa barinsa. In kuma sun tafi da motar bindigar na ciki, ka ƙara musu makami kenan, sannan ba ka da bakin zuwa ka ba da rahoto.

Kuɗin da ya rage a hannunka ga inda za ka kai su. Ka sa wa motar tiraka, wato na'urar nuna inda mota take, a wurin mai aikin da ka yarda da shi, irin wadda ake iya kashe inji daga waya, in da hali guda biyu a wuri daban-daban don su ma sun iya nema. Ka duba inshorarka, wannan ta naira 15,000 da kowa ke yi don 'yan sanda ba ta biyan sata, sai cikakkiya, ita kuma tana farawa ne daga kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara, da ciwo amma ba kamar sayen wata motar ba. Ƙofar gida ita ce tarkon, saboda haka ka riƙa kira tun kana nesa a buɗe get kafin ka iso, a sa fitila mai haske a waje, in ka sha kwana sau biyu uku ka ga babur yana biye da kai kada ka tsaya, wuce gidan ka nufi inda jama'a suke. Hanyar Kano kuma ka daina yin dare saboda cinikin ƙarshe. In Allah ya ƙaddara an tare ka, hannu a sitiyari inda za su gani, ka faɗa musu kafin ka taɓa bel, ka ce akwai yaro a baya zan ɗauke shi, ka miƙa makulli. Suna tafiya ka kira mai tiraka da 112, ka je caji ofis mafi kusa a daren, shi ya sa nake son kwafin takardun motar da lambar inji da ta shasi su kasance a gida ba a cikin motar kaɗai ba.

Ku 'yan unguwa kuma ku zauna da mai unguwa da DPO a kan sintirin dare na layinku, wannan halas ne kuma yana aiki fiye da yadda ake zato.

Shi kuma abokin naka, kada ka yi masa maganar nan a WhatsApp, kada ka je ganin kaya, kada ka yarda ya kawo maka ita gida wai ka gani kawai. Ka same shi baki da baki ka ce ka fasa. In ya fara yi maka barazana ko ya ce ai an riga an kawo dole ka cika kuɗi, a ranar ka nemi lauya ku tafi tare, kada ka je wurin 'yan sanda kai kaɗai.