Tambayoyin Masu Karatu: Gahawar Ƙanƙara ta Biyetnam da Abincin Ƙananan Shagunan Iyali

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, harkar kaya ce ta kai ni birnin Ho Chi Minh na tsawon mako uku. Kowace safiya nakan sayi gahawa mai ƙanƙara a wani ɗan shago da wata dattijuwa ke riƙe da shi tare da 'ya'yanta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙarfinta: tana da zaƙi kamar alewa, amma kofi ɗaya ya kan hana ni barcin rana. Me suke zubawa a ciki?

Amsa: Alhaji, abin da ka sha sunansa ca phe sua da, wato gahawa da madara da ƙanƙara, kuma babu wani ɓoyayyen sinadari a cikinsa. Ƙarfin yana zuwa ne daga irin ƙwayar da aka niƙa. Gahawar da ake nomawa a duniya don kasuwa iri biyu ce, arabika da robusta, kuma mafi yawan abin da Biyetnam take nomawa robusta ne, wadda sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinta ya kusa ninka na arabika sau biyu, ga ɗaci mai kama harshe. Ƙasar ita ce ta biyu a duniya wajen noman gahawa bayan Barazil, ita ce kuma ta ɗaya a robusta, kuma galibin gonakin suna kan tuddan tsakiyar ƙasar, musamman yankin Dak Lak, inda birnin Buon Ma Thuot yake.

Faransawa ne suka shigo da itacen a shekarar 1857 ta hannun masu wa'azin Katolika, amma nomansa bai bunƙasa haka ba sai bayan 1986, lokacin da gwamnati ta sassauta riƙon da ta yi wa tattalin arziki ƙarƙashin tsarin da ake kira Doi Moi, manoma suka sami damar shuka abin da zai kawo musu kuɗi. Madarar ma tarihinta daga zamanin Faransawa ya faro. Sun saba shan gahawa da madarar shanu, sai suka tarar da ƙasa mai zafi wadda kiwon shanun tatsa bai yawaita a cikinta ba, ga shi babu na'urar sanyaya abinci, don haka suka koma ga madarar gwangwani mai kauri da aka dafa da sukari, wadda takan daɗe ba ta lalace ba. Larura ce ta haɗa su, amma haɗin ya dace, domin ɗacin robusta yana neman abin da zai tare shi, madarar ruwa kuwa ba ta da nauyin da za ta iya.

Sai kuma yadda ake tace ta. Da ka lura, a bakin kofin gilashin akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai ƙananan ramuka a gindinsa, wanda suke kira phin. Ana zuba garin gahawa a ciki, a ɗora wani faifan ƙarfe a danne shi, a zuba tafasasshen ruwa kaɗan, sai ta riƙa ɗiga a kan madarar da ke ƙasan kofin har tsawon minti huɗu ko biyar. Garin yana da yawa, ruwan kuma kaɗan ne, saboda an san ƙanƙara za ta narke ta tsarma ta daga baya. Shagunan da ke da cinikin safe ba sa jiran wannan ɗigar a gaban mai saye. Sukan tace da yawa tun da asuba a manyan matatai su ajiye, shi ya sa dattijuwar taka take iya miƙo maka naka kafin ka gama ƙirga kuɗin dong. Ba laifi ba ne, matuƙar ta ranar ce.

Game da barci, ma'aunin da hukumomin lafiya a Amurka da Turai suka bayar shi ne kada babba mai lafiya ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Zaƙi da sanyi su ne ke yaudarar mutum ya shanye da sauri kamar lemo. Idan kana son ɗanɗanon ba tare da ka rasa barci ba, ka nemi bac xiu, wanda madararsa ta fi gahawarsa yawa. Mai ciwon sukari kuwa ya yi hattara da duka biyun, domin fiye da rabin nauyin madarar nan sukari ne.

Tambaya: Malam, na sayo phin da garin gahawar, amma duk lokacin da na gwada a gida sai ruwan ya zube cikin daƙiƙa kaɗan, abin ya fito tsararo babu ɗanɗano. Ina kuskuren yake?

Amsa: Hajiya, ɗayan biyu ne: ko garin ya yi tsaki-tsaki da yawa, ko kuma kin zuba ruwan gaba ɗaya ba tare da kin bar garin ya jiƙa ba. Ki zuba garin kamar cokali biyu zuwa uku na cin abinci, ki girgiza ya daidaita, ki ɗora faifan ki danna a hankali, sannan ki zuba ruwan zafi ɗan kaɗan wanda zai jiƙa shi kawai, ki jira rabin minti ya kumbura ya toshe kafofin, daga nan ki cika ki rufe. Idan ɗigar ta ƙare kafin minti uku, ki ƙara danna faifan ko ki nemi gari mai ɗan laushi. Idan kuma ta tsaya cak, kin matse shi fiye da kima. Wani abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne a gauraya gahawar da madarar tun tana da zafi, kafin a juye a kan ƙanƙara, domin madarar nan ba ta narkewa a sanyi, sai dai ta kwanta a ƙasan kofi ta bar miki ɗaci a sama.

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Hanoi, kuma ya ce abincinsa duka daga ƙananan shagunan unguwa yake sayowa ya tafi da shi ɗaki. Hankalina bai kwanta ba, ta fuskar tsafta da kuma ta fuskar halal. Me za ka ce masa?

Amsa: Baba, damuwarka tana kan hanya, sai dai kashi biyun da ka ambata ba nauyinsu ɗaya ba. Na fara da mai sauƙin.

Irin waɗannan shaguna yawanci falon gidan iyalin ne. Gidajen biranen Biyetnam da yawa siraran gaba ne masu tsawo zuwa ciki, ƙasa shago, sama wurin kwana, uwa tana kan tukunya, uba yana yankan nama, yara suna ɗaurin leda da karɓar kuɗi kafin su tafi makaranta. Abin da na fi daraja su da shi shi ne yawancinsu abinci ɗaya tak suke sayarwa, har sunan abincin shi ne allon shagon. Wanda ya shekara ashirin yana dafa romo ɗaya ga maƙwabtan da suka san fuskarsa da ƙofar gidansa ba ya wasa da tukunyarsa, kuma yakan sayo kayan miya a kasuwa da asuba, ya sayar, ya rufe idan ta ƙare. A ganina wannan ya fi wa ciki aminci fiye da wurin da ke da jerin abinci hamsin, wanda dole wasu su kwana a ajiye. Ka ce wa yaron ya bi shagon da mutanen unguwa suka yi layi a gabansa, ya zaɓi abin da ake zuba masa daga tukunya tana tafasa, ya kuma kula da ƙanƙara: wadda ke zuwa a dunƙule-dunƙule da rami a tsakiya daga masana'anta take, ta fi wadda ake farfasawa daga babban dutse da aka ja a bayan babur.

Batun halal shi ne mai wuya, kuma ba zan sassauta maka shi ba. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a Biyetnam, kuma yana shiga wuraren da ido ba ya gani. Ɗauki banh mi, burodin nan mai ɓawon ƙaras-ƙaras da suka gada daga Faransawa suka mayar da shi nasu da karas da aka jiƙa a ruwan tsami, da kokwamba, da ɗanyen ganye da barkono. Ko mutum ya ce a saka masa kaza ko ƙwai, hannun mai shagon ya saba fara shafa wa burodin niƙaƙƙiyar hanta, wadda galibi ta alade ce, kafin komai ya biyo baya, kuma wuƙa ɗaya ce take yankan duka. Com tam, wato tsakin shinkafa da aka fi sani da shi a kudu, da gasasshen alade ake cinsa. Goi cuon, wanda ake naɗewa a siririn fallen garin shinkafa, jatan lande ne a fili, amma sau da yawa akwai yankan alade a ƙarƙashinsa. Pho, taliyar shinkafa a romon ƙashin shanu da aka dafa na sa'o'i da kirfa da gasasshiyar citta da albasa, ya fi kusa da abin da Musulmi zai iya ci, amma wasu masu dafawa suna ƙara ƙashin alade don romon ya yi garɗi, ga kuma tambayar yanka wadda tana nan daram ko da shanu ne zalla.

Mafita tana nan. Ta farko ita ce kalmar chay, wadda ya kamata yaron ya haddace. Saboda mabiya addinin Buddha da ke ƙaurace wa nama, musamman a ranar ɗaya da ranar sha biyar ga watan gargajiyarsu, akwai shagunan da ba sa dafa nama ko kaɗan, kuma allonsu yana ɗauke da com chay ko quan chay. Abincinsu na awara da laimar kwaɗi irin wadda ake ci da ganyaye ne, yana da araha, yana kuma ƙosarwa. Ta biyu ita ce Musulmin ƙasar, waɗanda mafi yawansu 'yan ƙabilar Cham ne, da yawa a yankin An Giang kusa da iyakar Kambodiya. A Hanoi akwai masallacin Al-Noor a titin Hang Luoc cikin tsohuwar unguwar birnin, kuma duk wanda ya je Juma'a can zai sami mai nuna masa inda ake sayar da yankan Musulmi. A birnin Ho Chi Minh abin ya fi sauƙi, domin kewayen babban masallacin titin Dong Du, wanda Musulmin kudancin Indiya suka gina a 1935, akwai wuraren cin abincin halal.

Shi kuwa nuoc mam, ruwan kifin da ke shiga kusan kowace miya, ƙananan kifaye ne da gishiri ake jerawa a manyan ganguna su yi watanni suna tsumuwa, kuma na tsibirin Phu Quoc ne ya fi suna. Warinsa ne ke korar baƙo, ba abin da ke cikinsa ba. Gahawar ma da wuya ta zama matsala, sai dai wasu masu suyar gargajiya sukan ƙara bota da sukari, wasu har da ɗan barasa don ƙamshi, saboda haka mai tsantseni ya sayi wadda aka rubuta abin da ke cikinta a jikin leda.

Tambaya: Malam, me ya sa idan na sayi pho na tafi da shi sai su ba ni leda uku ko huɗu maimakon su haɗa mini a mazubi ɗaya? Na ɗauka rowar mazubi ce.

Amsa: Ɗan'uwa, ba rowa ba ce, kare mutuncin tukunyarsu suke yi. Taliyar shinkafa ba ta jure zama a ruwan zafi. Cikin 'yan mintuna takan shanye romon ta kumbura ta dagargaje, sai ka isa gida ka tarar da kunu. Shi ya sa ake ɗaure romon a ledarsa da roba, taliya da nama a tasu, ɗanyen ganye da lemon tsami da barkono a wata, don kada tururi ya yanƙwane su. Idan ka isa, ka sake tafasa romon sosai a tukunya, ka zuba taliyar a kwano, ka shimfiɗa naman a kai, sannan ka kwarara romon yana tururi. Wannan ya fi muhimmanci idan ka sayi wanda ake kira pho tai, domin naman da ke cikinsa ɗanye ne da aka yanka siriri-siriri, zafin romon ne kaɗai ke dafa shi, kuma romon da ya huce a hanya ba zai yi wannan aikin ba.

Yawan ledojin ma yana nuna maka daga wane ɓangaren ƙasar mai shagon ya fito. A arewa, inda abincin ya samo asali a kewayen Nam Dinh da Hanoi a farkon ƙarni na 20, romon tsararre ne, kayan haɗinsa kaɗan. Bayan an raba ƙasar biyu a 1954, 'yan arewa da suka yi ƙaura zuwa Saigon, wato birnin Ho Chi Minh na yau, sun tafi da shi, can kuma aka ƙara masa zaƙi da tsiron wake da tarin ganye da miyar tsomawa, kuma wannan salon na kudu ne 'yan gudun hijirar bayan ƙarshen yaƙin Biyetnam a 1975 suka kai Amurka da Faransa da Ostareliya, inda iyalai da yawa suka fara sabuwar rayuwa da irin wannan ɗan shago.

Idan ka haɗa da gahawa a sayayyar kuma tafiyarka ta wuce minti goma, ka roƙi a zuba maka ƙanƙarar daban, ka haɗa da kanka a gida. Banh mi kuwa kada ka kai shi ko'ina. Ka ci shi a tsaye a bakin shagon, tun ɓawonsa bai sha laimar kayan cikinsa ya yi laushi ba.