Ain Dubai da yawon jirgin ruwa a yini ɗaya, zai yiwu?

Hajiya, kin ce kina unguwar Deira a Dubai kin gama sari, kina son hawa Ain Dubai, wato ƙaton lilon nan mai zagaye da ake kallon gari daga samansa, ki kuma yi yawon jirgin ruwa a rana ɗaya. Zai yiwu sosai, lilon da Marina, unguwar bakin ruwa inda ake hawa jirgin, a kusa suke da juna.

Lilon yana tsibirin Bluewaters, tsayinsa mita 250, zagaye ɗaya kusan minti 38 ne, a hankali yake juyawa kuma ɗakunan a rufe suke da gilashi da AC, ba irin lilon yara ba ne. Ki hau jirgin ƙasa na Metro, jan layi, zuwa wajen Marina, daga JBR, unguwar bakin teku da ke kusa da nan, akwai gadar ƙafa har cikin tsibirin.

Amma ki fara duba shafinsu ki ga ko yana aiki ranar, don an taɓa rufe shi tun 2022 sai ƙarshen 2024 aka sake buɗewa. Ni dai na fi son hawan dab da magariba, daga nan ki gangara Marina ki shiga jirgin ruwan katako da ake kira dhow mai abincin dare. Kar ki biya masu tare mutane a hanya, kuma ki tambaya ko ana raba giya a jirgin, wasu suna yi.

In kina da hawan jini ko jiri, ki tuntuɓi likita tukuna.